Ratsi Biyar a Tumbin Hawainiya

Dogo ne ya fara gani. Da safiyar Litinin ya haura benen kamfanin yana tsallake matakala bibbiyu, waya a ɗage a hannunsa, ya banka ƙofar ɗakin aiki har kalandar bango ta faɗo.

"Ku zo ku gani! Wallahi an sace mana hawainiya!"

Nan da nan aka rufu a kan wayar. Tallan sabulun wanka ne na daƙiƙa ashirin, wanda wani babban kamfanin talla da ke ɗaya gefen gari ya saki jiya. A tsakiyar kumfa, ga hawainiyarsu tana taku cikin yanga, ido ɗaya na kallon gaba, ɗaya na kallon baya, jelarta a naɗe. Wata huɗu ƙaramin kamfanin nasu ya yi yana renon wannan halitta saboda wani shirin talabijin na koya wa yara karatu, kuma ranar Juma'a za a miƙa aikin. Sharaɗin gidan talabijin ɗaya ne: dole ta zama sabuwa fil, wadda ido bai taɓa gani ba. Idan suka gan ta tana tallan sabulu, aikin ya tashi, kuma kamfanin ba shi da wani a hannu.

"Kun ga wayo?" in ji Mai Sauti, mutumin da ke haɗa murya da kiɗa. "Sun yi mata ratsi a tumbi don su ɓadda sawu."

Babu wanda ya ambaci suna, amma idanu suka juya wuri ɗaya. Sabuwa ce ta zana hawainiyar. Daga wancan babban kamfanin ta taso wata biyar da suka wuce, shi ya sa har yanzu ba a daina kiranta Sabuwa ba.

"Ni dai na faɗa tun farko," in ji Auta, ƙanin mai kamfani, wanda aikinsa shi ne ganawa da masu kawo aiki. "Ba a ɗauko mutum daga gidan abokin hamayya a ba shi makullin ɗaki."

Mai kamfani ya fito daga ofishinsa, ya kalli tallan sau biyu, jijiyar goshinsa ta miƙe. Ya dubi Sabuwa ya ce, "Idan an tashi aiki, ki ajiye makulli a teburina."

"Ranka ya daɗe, ni ban..."

"Na gama magana."

Daga can kusurwa wata murya ta ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa ƙarfe huɗu."

Mai Fito ce. Ta fi kowa daɗewa a kamfanin, kuma aikinta ne ya ba ta wannan suna. Masu zane suna aiki a wata manhaja, masu motsa zane suna aiki a wata, ita ce ke ƙetarar da kaya daga wannan gaɓar zuwa waccan. Zanen da suke yi ba hoto ba ne, layuka ne da ɗigo-ɗigo da kwamfuta ke lissafawa, ko girman bango aka faɗaɗa shi ba ya dushewa. Amma wajen ƙetarewa yana da saurin jin rauni. Sai ta raba shi gaɓa-gaɓa, ƙafa daban, ido daban, jela daban, ta raka kowace har ta isa lafiya. Mahaifinta mai bin sawun shanun da suka ɓace ne, tun tana ƙarama take binsa tana kallon ƙasa, kuma har yau idan linzamin kwamfuta ko makullin wani ya ɓace a ofis, ita ake kira.

"Me za ki gano zuwa ƙarfe huɗu?" in ji mai kamfani.

"Fayil ba ya tashi sama, Yallaɓai. Da ƙafa ya fita, kuma ya taka wani wuri."

Ya dube ta, ya dubi agogo. "Ƙarfe huɗu. Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

Mai Fito ta ji jininta ya fara gudu. Rabonta da jin irin wannan ƙaiƙayi a tafin hannu an daɗe.

*

Mai Sauti ne ta fara tarewa, a ɗan ɗakinsa mai bangon soso. Kafin ta zauna ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Anti, ni ba na son gulma, amma ranar Laraba na ga Sabuwa a gidan abincin bayan layi da wani mutum. Rigarsa na ɗauke da tambarin wancan kamfanin. Da idona na ga sun yi musayar leda."

"Wa ya ba wa?"

Ya sosa ƙeya. "To, hannu dai ya miƙa, hannu ya karɓa."

Ta tarar da Sabuwa zaune a matakalar baya, ta haɗa kai da gwiwa. Mai Fito ta zauna kusa da ita ba tare da ta kakkaɓe wurin ba.

"Ƙanwata, wa kika haɗu da shi ranar Laraba?"

Sabuwa ta ɗago da jajayen idanu. "Har wannan an kai miki? Mijin yayata ne, direba ne a can. Maganin hawan jinin mamanmu ya kawo mini." Ta buɗe jaka ta zaro ledar, ga kwalin magani da takardar likita mai kwanan watan Laraba. "Anti, kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Tumbin. Kwana uku na yi ina haɗa wannan launi, kore yana narkewa a hankali har ya koma rawaya, ba ki ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Su kuma sun je sun yayyanka shi kamar katifar gidan haya. Ko sata zan yi, ai ba zan bari a yi wa 'yata wannan wulaƙancin ba."

Mai Fito ta yi dariya, ta dafa kafaɗarta. "Kada ki tattara komai tukuna."

*

Dogo, mai motsa zane, shi ne na gaba. Tun safe ta lura hannunsa ba ya barin aljihun wandonsa na dama.

"Me ke cikin aljihun?"

"Aljihu? Babu komai, Anti."

"Dogo, duk ranar Juma'a ina ganinka kana soka filashi a kwamfuta kafin ka tafi. Ba ni."

Ya miƙa mata jan filashi kamar mai miƙa wuyansa. Ta soka shi a kwamfuta, ta buɗe fayil ɗaya tilo da ke ciki. Sai ga wani bunsuru sanye da tabarau yana tuƙa keke, yana karo da bishiya, yana tashi, yana sake karo da ita.

"'Yata ce za ta cika shekara biyar," in ji Dogo a ƙasa-ƙasa. "Kwamfutar gida ba ta ɗauka. Don Allah kada Yallaɓai ya ji ina aikin kaina da injin kamfani."

Ta kalli bunsurun ya sake karo da bishiya, ta danne dariya da ƙyar. "Ƙafarsa ta baya tana zamewa daga feda. Gyara ta." Ta mayar masa da filashin.

Ƙarfe goma sha biyu ta wuce, hanyoyi biyu sun mutu a hannunta.

*

Ta koma teburinta, ta sauke tallan sabulun, ta fara bin sa hoto bayan hoto. Taku ba irin na Dogo ba ne, masu motsin wancan kamfani ne suka yi nasu. Amma layukan jiki na Sabuwa ne tsaf, har ɗan karkacewar da ke bakin hawainiyar. Ta isa inda dabbar ta miƙe a kan ƙafafun baya, tumbi ya fito fili, ta tsayar. Ta faɗaɗa. Ta ƙara faɗaɗawa har ratsin ya cika allo.

Ratsi biyar ne, faɗinsu ɗaya kamar an auna da ma'auni. Sun miƙe sambal, ba su bi lanƙwasar tumbin ba. Tsakanin kowane biyu akwai farin tsagi siriri kamar gashi.

Ta miƙe tsaye har kujerarta ta gangara baya ta bugi kabad.

"Ba ado ba ne!"

Dogo ya leƙo. "Anti, lafiya?"

"Babu mai zanen da zai ja ratsi a miƙe a kan tumbi mai zagaye! Ciwo ne, Dogo! Launin ne ya karye a hanya, su kuma can suka ɗauka haka aka zana shi, suka bar shi!"

Ta san wannan ciwo. Shekarun baya, idan aka adana zane ta tsohuwar hanya, manhajar motsi ba ta gane launi mai narkewa, sai ta yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Amma ta daɗe ba ta gan shi ba. Ta ɗauki asalin fayil ɗin hawainiya, ta bi kwamfutocin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, tana adanawa, tana ƙetarar da shi, tana dubawa. A ta Sabuwa, tumbi ya isa sumul. A ta Dogo, sumul. A tata, sumul. Har ta Mai Sauti ta gwada, yana tsaye a kanta yana rantsuwa bai san ma inda manhajar take ba. Sumul.

Ta tsaya tsakiyar ɗaki tana juya ido. Kwamfuta huɗu, duk an sabunta manhajarsu bara. Sai ta tuna akwai ta biyar.

Tsohuwar laftof ce baƙa, mai tsagaggen murfi, wadda ake ɗauka idan za a nuna wa masu kawo aiki samfuri. Ba a sabunta ta ba saboda ba ta da ƙarfin ɗaukar sabuwar manhaja, kuma wata guda da ya wuce Mai Fito da kanta ta zuba mata fayil ɗin hawainiya don a nuna wa mutanen gidan talabijin. Laftof ɗin tana zama ne a kabad ɗin ɗakin taro. Sakatariya ta ba ta makulli tana tambayar ko lafiya, ba ta tsaya amsawa ba.

Laftof ɗin ta ɗauki minti huɗu kafin ta farka, Mai Fito tana buga ƙafa a ƙasa. Ta buɗe hawainiya, ta danna adanawa ba tare da ta taɓa komai ba, yadda wanda bai san aikin ba zai yi. Ta kwashe fayil ɗin a filashi, ta ruga teburinta, ta jefa shi cikin manhajar motsi.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Har da farin tsagin.

Ta toshe bakinta da gyale don kada ihu ya fita. Ta koma kan laftof ɗin. An goge fayil ɗin da aka fitar, amma manhajar tana riƙe da jerin abubuwan da aka adana kwanan nan, kuma wanda ya goge bai san da wannan ba. Ƙarƙashin nata na yanzu akwai wani mai suna "aikina", ranar Alhamis ta makon shekaranjiya, ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma na safe.

Wannan Alhamis ba ta mantuwa. Ranar ce aka yi ruwan da ya huda rufin ɗakin aiki, ita da Sabuwa suka wuni suna raba yatsun hawainiya, ruwa na ɗiga cikin bokiti a tsakaninsu.

*

Baba mai gadi yana zaune a bencinsa bakin ƙofar ƙasa, rediyo a kunne. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ranar babban ruwan nan, wa ya fita da baƙar jakar laftof?"

"Ranar da ruwa ya tafi da takalmina ɗaya? Auta ne. Ya sha kwat da lakataya, yana ƙamshi kamar ango. Wajen ƙarfe goma. Ni na ara masa laima, har ya ce, Baba, sa ni a addu'a, yau zan je neman wani abu. Sai bayan azahar ya dawo. Laimar ma har yau ban gan ta ba."

"Shi kaɗai ya fita?"

"A wannan ruwan? 'Yata, ko kyanwa ba ta leƙo ba."

Murnar da ke cinta ta ɗan yi sanyi. Ƙanin mai kamfani ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta tsaya a ƙasan matakala ta ja numfashi, sannan ta ce, "Baba, ƙarfe huɗu saura kwata ka hauro sama."

*

Aka taru a ɗakin taro. Mai kamfani a kujerar shugaba, Auta a damansa yana latsa waya, Dogo da Mai Sauti da Sakatariya a jere, Sabuwa can ƙarshe, makullinta a tafin hannu. Mai Fito ta haɗa babban allon bango, ta ajiye tsohuwar laftof a tsakiyar tebur. Ta lura yatsan Auta ya tsaya cak a kan wayarsa.

Ta nuna tumbi biyu gefe da gefe. "Wannan na Sabuwa ne. Wannan na masu sabulu ne. Mun ce ratsi suka ƙara don ɓadda sawu. To ratsin shi ne sawun."

Ta ƙetarar da fayil daga kwamfutar Sabuwa a gabansu, ya isa sumul. Ta yi na Dogo, sumul. Sannan ta buɗe laftof, ta adana, ta ƙetarar. Ratsi biyar suka bayyana a allo, ta ɗora su a kan na tallan, suka hau juna kamar murfi da tukunya.

"Kai!" Dogo ya buga tebur. Mai Sauti ya miƙe tsaye bai sani ba.

"A duk ginin nan, wannan injin kaɗai ke yin wannan ɓarna," in ji ta. "Kuma wanda ya yi ta bai san aikin ba. Da ya sani, zaɓi ɗaya zai canja kafin ya adana, launin ya tsira. Sabuwa ta sani, Dogo ya sani, ni na sani."

"Laftof ce ta kowa da kowa," in ji Auta, muryarsa ta ɗan yi sama. "Kowa na iya ɗauka. Ita ma Sabuwa na sha ganinta da ita."

"Gaskiya ne." Mai Fito ta buɗe jerin, ta faɗaɗa shi a allo. "Ga rana, ga lokaci. Sabuwa tana kusa da ni a wannan sa'a, Sakatariya ce ke zubar mana da bokiti. Laftof ɗin kuwa ba ta cikin ginin nan."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba mai gadi ya leƙo, hula a hannu, ya yi sallama. Idonsa ya sauka kan Auta. "Yauwa, ɗana, tunda na gan ka, ina laimata?"

Babu wanda ya yi dariya. Mai kamfani ya juya a hankali ya dubi ƙaninsa.

"Auta."

"Yaya, ni..."

"Dube ni. Ina ka je da laftof ɗin nan?"

Auta ya ajiye wayar. "Neman aiki na je. Suna neman shugaban sashen zane. Suka ce in nuna wani abu da na yi da hannuna, ni kuma ba ni da komai, sai ita ce a cikin laftof ɗin. Suka ce in bar musu kwafi su duba, suka ba ni takarda na sa hannu cewa nawa ne. Wallahi ban san za su yi talla da ita ba. Aikin ma ba su ba ni ba." Ya share fuska da hannun riga. "Shekara bakwai, Yaya. Ni ke ɗaukar jaka, ni ke zuba wa baƙi shayi. Duk inda na shiga sai a ce ga ƙanin mai kamfani. Sau uku ina roƙonka ka bar ni in koyi zane, kana cewa bakina ya fi hannuna amfani."

"Wannan laifina ne, kuma za mu yi maganarsa a gida," in ji mai kamfani. "Amma da safen nan kana zaune, bakinka ne ya fara nuna yarinyar nan. Da an tashi aiki ta ajiye makulli ta tafi da sunan ɓarauniya, da ka yi shiru?"



Mai kamfani ya rufe laftof ɗin, ya tura ta gaban Auta. "Ɗauka. Yanzu za mu je can, kafin su tashi. Kai za ka yi magana, ni tsayawa kawai zan yi. Za ka gaya musu takardar da ka sa wa hannu ƙarya ce, su sauke tallan yau. Gobe da safe ni da kai za mu je gidan talabijin, su ji daga bakinmu kafin su ji a waje. Mai Fito, ki haɗa mini wannan hujjar a filashi."

"Tana haɗe, Yallaɓai." Ta miƙa masa.

Ya miƙe, ya taka har ƙarshen tebur, ya tsaya gaban Sabuwa. "A gaban mutanen nan na yanke miki hukunci ban saurare ki ba, a gabansu nake ba ki haƙuri. Ki yafe mini."

Sabuwa ta ɗago kai.

"Na yafe, ranka ya daɗe. Amma ina da magana. Idan shirin ya fita, a rubuta wanda ya zana, da wanda ya motsa, da wanda ya ƙetarar, da wanda ya sa murya. Kowa da sunansa. Da sunana na kan hawainiyar nan tun farko, da babu wanda zai ɗauke ta ya ce tasa ce."

Kamfanin bai taɓa sa sunan kowa a aiki ba sai tambarinsa. Mai kamfani ya dubi fuskokin da ke kewaye da teburin ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu wanda ya sunkuyar da kai.

"A rubuta," ya ce.

Dogo ya saki ihu, Mai Sauti ya kama hannun Sabuwa yana ba ta haƙurin maganar leda, Sakatariya tana tafi. Auta ya rungumi laftof ɗin a ƙirji ya nufi matakala, yayansa na biye da shi.

Gidan talabijin bai janye ba. Sun ƙara musu mako biyu, suka ce a sake wa hawainiyar launi da ƙirar kai don kada yara su haɗa ta da sabulu. Sabuwa ta yi ta shuɗiya mai tozo uku, kowa ya yarda ta fi ta farko kyau. Ranar da aka fara nuna shirin, dukansu suna tsaye gaban allon ɗakin taro, Dogo na naɗarsa a kwamfuta, sunaye suka fara haurawa ɗaya bayan ɗaya. Mai Fito ta shekara goma sha ɗaya a wannan aiki ba ta taɓa ganin nata a allo ba. Ya wuce cikin daƙiƙa biyu.

"Dogo," ta ce, "mayar da shi baya."